Wasiƙar da Ba Suna a Bayanta

Yayana shi ne ɗan fari a gidanmu, don haka Baba bai taɓa kiran sunansa ba. "Yaron nan" yake ce masa har ya yi gemu. Shi ma bai taɓa furta sunan Baba ba. Haka muka taso muka tarar a Tafoki.

A shekarun da arzikin man fetur ya buɗe, samari suka yi ta barin gona suna tafiya Ikko aikin dako a bakin jiragen ruwa. Yayana ya bi su bayan an yanke dawa. Ya ce zai aiko da wasiƙa.

A Faskari akwai wani Malam mai kula da wasiƙu, a ɗan ɗaki mai taga ɗaya. Dokar aikinsa ita ce, duk wasiƙar da ta zo babu sunan mai ita, babu na wanda ya aiko, a mayar da ita babban gidan waya. Shi ba ya mayarwa. Yakan ce wadda ta koma can ta faɗa rijiya. Sai ya sa jan biro ya ba ta lamba ta kansa, ya rubuta ranar da ta iso, ya ajiye ta a cikin gwangwanin biskit. Ranar kasuwa ya fito da irinsu yana cigiya.

Baba yakan hau keke ya je duk ranar kasuwa. Ya faɗi sunansa, Malam ya duba, ya ce babu. Wata rana ya nuna masa wata daga cikin gwangwanin. Abin da ke bayanta kawai shi ne: Zuwa ga Baba, Faskari. Baba ya juya ta a hannu, ya mayar. Ya ce iyaye nawa ne 'ya'yansu ke Ikko, ba zai buɗe sirrin wani ba. Sauran dattawan da aka nuna wa su ma haka suka ce. Baba ya ba ni labarinta a gida, ni da na yi firamare nake karatun boko. Na saurara, na ci gaba da gyaran rumbu.

Da damina ta faɗi, wani mutumin Daudawa da suke ɗaki ɗaya da yayana ya yi mana sallama, riƙe da jakar yayan nawa. Ciwon ƙirji ne, ya ce, kuma an yi masa sutura yadda ya kamata. Ya yi mamaki da ba wanda ya zo, domin shi ya raka shi wurin mai rubuta wasiƙa. Da mai rubutun ya tambayi sunan mahaifi, yayana ya sunkuyar da kai.

"Rubuta Baba," ya ce. "Za su gane."

Bayan sadakar bakwai muka je Faskari. Malam ya buɗe gwangwanin, ya miƙo mana wasiƙar. Ranar da ya rubuta da jan biro ta nuna wasiƙar ta iso kusan wata biyu kafin rasuwar. Na karanta a tsaye. Gaisuwa ce ga kowa, har da maƙwabta. A ƙarshe ya ce ba ya jin daɗin jikinsa, a turo ƙanensa ya zo ya ɗauke shi.

Malam ya ce a yafe masa, da ya sani da ya buɗe. Baba ya ce amana ya riƙe, babu laifi a kansa. Sannan ya ce in sake karanta masa bayan ambulan. Na karanta.

"Ko da ciwo bai faɗi sunana ba," in ji Baba. Ya sa ta a aljihun gaba, ya tura kekensa, bai hau ba har muka fita gari.

Wasiƙar tana wurina yanzu. Da nawa ɗan farin zai tafi makaranta, na sayi ambulan, na rubuta sunana da na garinmu a bayan kowace, na saka masa a akwati.