Sitiyarin Faranti a Hanyar Ɗa'ifa

Ku matso kusa in ba ku wani labari. Ko na tsufa na fara mance inda na ajiye makullin ɗaki, wannan kam ba zan mance shi ba. Labarin ranar da askari, wato ɗan sanda, ya tsayar da ni ne a hanyar Ɗa'ifa ya ce in ba shi lasisin tuƙi, ni da ko keken yara ban taɓa hawa ba.

Ni dai mace ce 'yar zaman gida. A unguwar Ka'akiyya ta nan Makka aka kawo ni aure, kuma in ba Harami ba ko gidan biki ko gidan gaisuwa, ƙafata ba ta wuce kantin bakin layi. Ba kulle aka yi min ba. Ina son ɗakina ne, da butar shayina, da maƙwabta su shigo mu yi ta zuba. Maigidan kuwa bakanike ne, kuma Allah ya ɗora masa son tsofaffin motoci. In ya ga ruɓaɓɓiyar mota a yashe, sai ya tsaya yana kallonta kamar ya ga ɗan uwansa da suka rabu tun yarinta.

Wata ranar Alhamis na ji layinmu ya cika da ihun yara. Na leƙa, sai ga babbar motar ɗaukar motoci ta goyo wata aba fara mai tozo a ka, da tagogi masu labule. Maigidan na gaba yana ba da hannu, baki har kunne.

Na ce, "Baban yara, wannan kuma motar gawa ce ko ta sayar da burodi?"

Ya ce, "Hajiya, tunda kin ƙi barin gida, na sayo miki gida mai taya. Yanzu sai ki faɗa min wani uzurin."

Wai daga Japan ta taso, ta sauka a birnin Sharja na wata ƙasar Larabawa maƙwabciyarmu, wani abokinsa a can ya turo masa ita. Ta girmi babbar 'yarmu nesa ba kusa ba. Na shiga ciki ina taɓe baki, amma gaskiya na ɗan ji wani abu. Ga gado a baya, ga murhu mai kai biyu, ga ɗan wurin wanke kwano, ga akwatunan bango ƙanana kamar na 'yar tsana. Sai da na zo gaba na ga abin mamaki. Na ce, "To ina sitiyarin?" Ashe yana dama, inda mutum ke zama in an ɗauko shi. Kujerar hagu kuwa, inda duk direban Makka yake zama, fayau take, ba komai a gabanta.

Wannan sitiyarin shi ne tushen duk wahalarmu. Saboda shi ba za a ba ta lamba ta nan ba, sai wata takardar wucin gadi ta 'yan watanni da ta shigo da ita. Ƙofar baya ma da ake ja, a hagu take, in ka buɗe sai ka faɗa tsakiyar titi. In an murɗa makulli sai wata mata ta yi magana daga cikin ƙarfe da yarensu. Ranar farko da na ji ta, da a'uzubillahi na fito a guje, takalmi ɗaya a ƙafa.

Gyara kuwa, ba a magana. Motar ta shigo farfajiyar gidanmu ta kwanta kamar mai jego. Yau bel ya tsinke, gobe lagireto na yoyo, jibi ta ƙi tashi sam ba dalili. Maigidan ya zagaye duk wuraren da ake farfasa tsofaffin motoci a sayar da kayansu, daga Makka har Jidda. Duk wanda ya nuna wa ƙarfen sai ya juya shi ya ce, "Ya Hajji, wannan na juye ne, namu ba ya shiga." Sai a aika Sharja, a zauna jira. Ni kuwa ina daga kicin ina jin tarinta, har na san muryarta. In ta yi ƙar-ƙar-ƙar na san yau da fushi za a ci tuwo. In ta yi gurnani mai laushi, na san har tsaraba za a shigo da ita. Na yi masa tsiya iya tsiya. Na shanya barkono a kan rufinta, na ajiye buhun shinkafa a kan gadon.

Abin da ban gane ba sai daga baya, ba don ni kaɗai ya sayo ta ba. Mahaifiyarsa, Inna, tana zaune tare da mu. Tun tana yarinya ta shigo ƙasar nan da iyayenta, ita da ƙanwarta guda, wadda aure ya kai Ɗa'ifa. Ciwon baya ya kwantar da Inna, ba ta iya zaman kujera ko na ɗan lokaci, sai kwance. Ƙanwar ita ma ƙafa ta ƙi. Shekaru suka yi ba su ga juna ba, ga su kusa, sai waya, kuma duk su biyun kunne ya yi nauyi, kowacce na ihu ba mai jin wata. Sai aka bugo aka ce jikin ta Ɗa'ifa ya ƙara tsanani. Inna ba ta ce a kai ta ba. Ta juya fuska bango kawai, ta daina taɓa kunun da take so.

A daren maigidan ya ce min, "Jibi za mu kai Inna. A kwance za ta tafi, a kan gadon nan. Ki sauke shinkafarki."

Na ce, "Allah ya kiyaye hanya. Zan soya muku kaza."

Ya ce, "Ai da ke za a je. Ina zaune a dama, in babbar mota ta tare min gaba ba na ganin layin hagu, madubin can kuma ya yi min nisa. Ke za ki zauna a hagu ki zama idona. In kin ce shiga, in shiga. In kin ce tsaya, in tsaya."

 Ni da ko titi zan tsallaka sai na kama hannun wani? Amma na tuna kwanon kunun da na ɗauke da safe ba a taɓa ba, na ce to.

Muka tashi da hantsi. Muka bi hanyar Sail, don wai hawan dutsen Hada zai kashe ta. Inna na baya a kwance, an tottokare ta da matasai, an ja labule. Ni ina gaba a hagu, ina jin kamar an ɗora ni a kan mumbari. Da farko da raɗa nake cewa, "Kamar dai ba kowa." Ya ce, "Hajiya, 'kamar' ba ta tuƙa mota. Akwai ko babu?" Kafin mu yi nisa na ware. "Tsaya! Ga wani ɗan iska nan a guje. To yanzu, yalla, shiga!" Har hannu nake ɗagawa masu matsa mana oda.

Rana kuwa ta dallo min ido, kuma ɗan marfin kare rana na gefena na cikin kayan da ake jira daga Sharja. Sai na jawo baƙin farantin shayi, zagayayye, na riƙe shi da hannu biyu a gabana. In rana ta karkata in karkata shi. Ku tuna, wannan duk kafin a ba matan ƙasar nan izinin tuƙi ne. Na ga motoci na wucewa ana leƙo mu, wani har da ɗaga waya, na ɗauka kyan labulena suke kallo.

A wurin binciken hanya aka nuna mana gefe. Wani askari matashi ya taho da sauri, fuska a murtuke, bai ko kalli maigidan ba. Tagata ya ƙwanƙwasa.

Da Larabci ya ce, "Ya Hajja, kashe mota. Ina lasisi?"

Na ce, "Lasisin me, ɗana?"

"Na tuƙi! Tun daga nesa nake ganinki kina murza sitiyari."

Na kalli hannuna. Na ɗago farantin a hankali na miƙa masa ta taga. Ya karɓa bai san ya karɓa ba. Ya zuro kai ya duba gabana, ba sitiyari. Ya duba ƙasa, ba birki, sai kular kaza tsakanin ƙafafuna. Can ya hango maigidan a ɗaya gefen, riƙe da sitiyarin gaske, yana cewa, "Assalamu alaikum." Yaron nan ya yi ƙoƙarin riƙe fuska, abin ya gagara. Ya kira abokan aikinsa su zo su gani, yana nuna musu da farantin yadda nake yi.

Dariyar ba ta daɗe ba. Babbansu ya karɓi takardar motar ya daɗe yana dubawa. Ya ce kwanakinta sun kusa ƙarewa, kuma shi bai gamsu a bar mota irin wannan ta ci gaba da tafiya ba, gara a ajiye ta a gefe har a tambayo. Na ga wuyan maigidan ya jiƙe da gumi. Ajiye ta a nan na nufin Inna a bakin titi cikin wannan rana, ba ta iya zaman tasi, ba gaba ba baya. Ya fara bayani, harshe na sarƙewa.

Sai muka ji an ja labule, ƙiiii. Inna ta ɗago kai daga matashi, da irin Larabcinta na tsofaffin Makka ta ce, "Ya waladi, kai ne babba a nan? Ƙanwata na kwance a Ɗa'ifa. In za ka tsare motar, tsare, amma sai ka goya ni ka kai ni, don ni ba na zaunuwa."

Mutumin ya leƙa ya ga tsohuwa a gado, da carbi, da bargo, da murhu a gefe.  Ya sake duba takardar, ya ce ai yau dai tana da sauran rai. Ya miƙa wa maigidan, ya ce a tafi a hankali, kuma kafin ta ƙare a san yadda aka yi da motar. Sannan ya miƙo min farantina ya ce, "Ke kuma, Hajja, wannan a ajiye shi a cinya."

Mun isa bayan azahar, bayan mun tsaya ta sha ruwa ta huce a hanya. Inna ba ta iya hawa bene, sai 'ya'yan ƙanwar suka sauko da uwarsu a kan kujera, aka kwantar da ita kusa da yayarta a gadon motar. Na ɗora shayi a ɗan murhun nan da na raina. Tsofaffin nan biyu suka riƙe hannu, kai da kai a matashi ɗaya, yau kowacce na jin 'yar uwarta ba sai an yi ihu ba. Na ji ƙanwar na cewa, "Yaya, kin tsufa." Inna ta ce, "Ke kuma da kika tsaya jirana." Na saki labulen na fito na bar su. Watanni kaɗan bayan nan ta Ɗa'ifa ta rasu, Allah ya jiƙanta. Inna ta yi kuka, amma ta ci abinci.

Tunda muka dawo gida, motar ba ta sake hawa titi ba. Tana nan a farfajiya an ɗora ta a kan bulo, kuma har yau duk Juma'a sai maigidan ya tashe ta, matar Japan ta gaishe shi. Ni kuma nan nake shan shayin la'asar, a kujerar hagu. 'Yata da take tuƙa motarta yanzu takan ce, "Umma, ai ke kika riga mu."

Abin da ranar ta koya min shi ne, mai riƙe da sitiyari ba shi kaɗai ke tuƙi ba. Na daɗe ina ganin amfanina ya tsaya a bakin murhu, ashe akwai layin da maigidan ba ya gani sai na ce masa shiga. Ni ma akwai abin da ban hango ba a jikin wannan tsohuwar mota, shi ya hango tun tana Sharja. To ku a naku gidan, wa ke riƙe da sitiyari, wa kuma ke duba masa hagu?