Dutsen da Ya Ci Sunan Ƙanwata

Ran nan mu shida ne a tsakar gidan ƙanwata a Ƙaura: ni, da ita, da mijinta wanda ya yi aikin jirgin ƙasa har ya aje, da ɗiyata ta biyu wadda ta rako ni daga Zurmi, sai ɗana na fari da matarsa. Ba zan faɗi sunansa ba. Tun da aka raɗa masa shi ban taɓa kama shi da bakina ba. Haka na tarar iyayenmu na yi da ɗan fari, kuma ba da furfura zan sake hali ba. Da aka yaye shi ƙanwata ta ɗauke shi, lokacin Allah bai ba ta nata ba. Ita ta goya shi, ita ta kai shi boko, ita yake ce wa Inna. Ni Hajiya yake ce mini, yadda kowane kwandasta a tasha yake ce mini.

Sana'ata kwalli da kanwa, ina saro su kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Shekarun baya da ɗan nawa ya zo gaishe ni, ya ga wani curin kwalli da na ware gefen faifai. Ba shi da kyau, wani ɓawo kore-kore ya kama shi, in an niƙa sai ya yi tsakuwa ya karci ido. Ya ɗauka ya juya shi a rana, ya daɗe yana kallo. Bai tambaye ni ba, matarsa ya sa ta tambaye ni wurin wa na saya. Na faɗa mata. Ya bi mutumin har ramin da aka haƙo shi. Aikinsa ke nan a jami'a, duban duwatsu, kuma wai biyansa ake yi.

Tun da na shiga gidan ranar na san da magana. Ƙanwata ta sha sabon lalle ba biki ba Sallah, ta yanka zabi biyu, kuma ta ƙi haɗa ido da ni.

Bayan azahar yaron ya fito da wata ƴar kwalba mai auduga a ciki. A kan audugar akwai abin da bai kai ƙwayar gero ba.

Mijin ƙanwata ya sa tabarau, ya cire, ya ce, "Malam, wanga abu ne ya hana ka zuwa Sallah biyu? Ni na ce zinariya za ka juye muna."

Yaron ya yi dariya, ya nuna mana hoton abin a waya, an ƙara masa girma. To, a nan na matso na duba. Abin yana da kyau. Sanduna ne sirara, kore mai haske kamar ɗanyen lemun tsami, kowace da kusurwa shida irin gidan zuma, sun tsiro tare kamar ciyawa bayan ruwan fari. Ya ce ba wanda ya sassaƙa su, haka suke tsirowa a cikin ƙasa.

Ya ce a cikinsa akwai dalma, irin wadda ke cikin kwalli, da jan ƙarfe wanda shi ya ba shi koren, da wani gishiri-gishiri, da ruwa.

"Ruwa cikin dutse?" in ji ɗiyata. "Yaya, ka dai ji tsoron Allah."

Ya ce ruwa ne ɗaurarre, ba ya zuba, sai an gasa dutsen yake fita. Ya ɗauko faya-fayen Innarsa guda uku ya jera ɗaya kan ɗaya. Ya ce ƙwayoyin dalmar shimfiɗa guda ne, na jan ƙarfen shimfiɗa guda, ruwan yana tsakani yana riƙe su, haka jerin yake maimaituwa har dutsen ya ƙare. Da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi a asibiti suka gano jerin. Akwai wani dutse da aka daɗe da sani mai kayan ciki kusan iri ɗaya, amma jerinsa daban, don haka wannan sabo ne, ba a taɓa rubuta shi a littafi ba.

Mijin ƙanwata ya ce, "Wato fura da kunu. Duk gero ne, hannu ya bambanta."

"Haka ne, Baba."

Na ji daɗi, ban nuna ba. Na ce a raina, daga faifaina ya fito. Na gyara zaman mayafina ina jira.

Sai ya ce wanda ya gano sabon dutse shi ke ba shi suna, a aika wa wasu malamai na ƙasashe su duba su yarda. Sun yarda. In kuwa suka yarda ba a sakewa. Ko a wace ƙasa aka haƙo irinsa, da sunan nan za a kira shi, ko bayan duk mun kwanta dama.

Ɗiyata ta ce, "To mi aka sa mishi?"

Ya faɗa. Sunan ƙanwata ne na yanka, da wata ƴar wutsiya ta Turanci a ƙarshe.

Ba sunan ne ya fi ci mini rai ba. Ina kallon bakinsa. Da ya zo faɗa sai harshensa ya sarƙe, ya sunkuyar da kai, ya faɗe shi da sauri can ƙasa-ƙasa yana murza gefen tabarma. Na san wannan kunyar. Ba a yi wa ƙanwar uwa ita. Kunyar sunan mahaifiya ce, kuma a gabana ya yi wa wata.

Matarsa ta rangaɗa guɗa. Ƙanwata ta rufe fuska da hannuwan nan masu lalle, wai mamaki take, ita da ta yanka zabi tun hantsi.

"Yaya, kin ji? Na yi takwara."

Na ce, "Na ji. Allah ya raya. An dai yanka rago, ko haka aka bar shi ba suna ba aski?"

Suka fashe da dariya, sun ɗauka wasa nake.

"Ai ke za ki ba da ragon," in ji ta. "Jikanki ne."

"Ni mi nawa? Abin da na ware don bai da amfani ne. Da na san mai shi na nan Ƙaura, da tuni na aiko miki da abinki."

Wannan karon ba kowa ya yi dariya ba. Ɗiyata ta taka mini ƙafa. Mijin ƙanwata, da yake mutum ne mai son gyara, ya ce, "Hajiya, ai ke ba ya iya sa naki. Yaya zai tsaya gaban taro yana kiran sunan wadda ta haife shi?"

Na ce haka ne. Amma na ga abin da na gani. Shi kuwa yaron ya duƙa yana mayar da kwalbarsa cikin jaka. Da ya wuce ta gabana ya rage tsawo ya ce, "Na rubuta a takardar cewa daga hannun wata mai sayar da kwalli a Zurmi ya fito."

Wata mai sayar da kwalli. Na ce madalla.

Na so in koma gida a ranar, amma la'asar ta yi, kuma hanyar Zurmi ba a bin ta da yamma yanzu. Na ci zabuwarta, don kada a ce. Gishiri ya yi yawa.

Kafin magariba na ji ɗiyata na tambayar yayanta ko zai sake gano wani dutsen. Ya ce da wuya, wani malamin yakan ƙare aikinsa bai samu ko ɗaya ba. Amma ramukan ƙasar nan ba a duba su sosai ba, in ji shi, sai dai a yi ta tarawa ana dubawa.

Da gari ya waye ban jira koko ba. Na shiga kasuwar Ƙaura na bi masu kwalli ɗaya bayan ɗaya, na ce su fito mini da wanda suka ware, mai ɓawo, mai tsatsa, mai fari-fari, wanda ba ya niƙuwa. Wata ta ce, "Hajiya, lafiya? Shara kike saye?" Na ce ta auna kawai. Kowane curi na tambayi inda aka kawo shi, na ɗaure shi a ƙyalle daban.

Na dawo na tarar su yaron suna loda mota. Na ja matarsa bayan rumbu na danƙa mata ƙunshin, na faɗa mata garin kowane ƙulli.

"Ki ba shi ya duba. Kada ki ce na ce wani abu."

"To, Hajiya."

"Kin san sunana na yanka?"

Ta sunkuya ta ce ba ta sani ba. Na faɗa mata. Na ce ta maimaita, ta ƙi don kunya, na ce ba zan sake ta ba sai ta faɗa. Ta faɗa ba daidai ba, ta ja ƙarshen irin na mutanen Kano. Na gyara mata, ta sake faɗa. Sannan na ɗauki jakata na nufi tashar Zurmi.