Lambobin da Injiniya Haladu Ya Ji da Kunne

Cikin shekarun da na yi a wannan aiki, babu ranar da ta zauna mini a rai kamar wata Laraba a tsakiyar damina. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a sashen manhaja, ban cika shekara biyu da kama aiki ba.

Kamfaninmu ƙarami ne, aikinsa haɗa asibitocin karkara da intanet. Muna da eriya a Karaye da ke harba saƙo zuwa wani ƙaramin asibiti a Rogo. Duk ranar Alhamis ungozomar wurin, Sista Larai, takan yi wa mata hoton ciki ta tura wa wata likita a Kano, ita kuma ta duba nan take ta faɗi wadda za ta iya haihuwa a nan da wadda dole a kai birni. Ranar Lahadi tsawa ta ƙone akwatin sadarwar Rogo. Muka kawo sabo, sai dai furosesar cikinsa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, ba irin ta tsohon ba ce. Shugabar sashenmu, Hajiya Rabi, ta ba ni aikin ɗora masa direba.

Direba a wurinmu ba mai tuƙi ba ne. Ƙaramar manhaja ce da ke fassara tsakanin furosesa da katin sadarwa, wato ɓangaren akwatin da ke karɓar saƙo da aika shi. Duk saƙon da ya shigo, katin yakan haɗo shi da wata lamba mai gurbi talatin da biyu, kowane gurbi sifili ne ko ɗaya. Gurbi goma sha huɗu na farko su ke faɗin tsawon saƙon, sauran su faɗi ko ya iso lafiya da makamantan haka. Wanda ya rubuta direbanmu ya bi hanyar da ake kira bit-fild: ka raba guraben zuwa filaye, ka lissafa sunayensu da faɗin kowanne, ka bar wa kamfaila, wato manhajar da ke mayar da rubutunmu yaren na'ura, ta zaɓi inda kowanne zai faɗa.

Direba ya hau lafiya, fitilu suka kama, amma ko saƙo ɗaya ya ƙi shiga. Na canja waya, na canja wuta, na sake ɗora komai daga farko har sau uku. Ranar Talata da yamma Sista Larai ta tsaya a kaina ta ce, "Nafi'u, jibi fa mata za su zo daga ƙauyuka. Akwai wata Hanne, cikinta bai kwanta mini ba. Hannuna yana gaya mini wani abu, amma ina so likita ta gani."

Na kira Hajiya Rabi na ce na gaza. Ta ce, "Gobe ka ɗauki akwatin ka tafi Tudun Kaya, ka tambayi gidan Injiniya Haladu. Shi ya koya mini aiki."

Na ce, "Hajiya, ba shi ne aka ce ya daina gani ba?"

Ta ce, "Ka dai je."

Da hantsi na isa a babur. Na tarar da dattijo a ƙarƙashin rumfa yana tufka igiyar shanu, ciwon ido ya ci ganinsa gaba ɗaya. Muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi iyayena da Hajiya Rabi, sai da na sha fura sannan ya yarda a yi maganar aiki. Na jona akwatin a solar gidan, na haɗa shi da kwamfutata.

Ya ce, "Ɗana, kada ka ba ni labarin abin da kake zato. Tura masa saƙo, ka karanta mini abin da direba ya ce ya gani."

Na tura saƙo mai tsawon sittin. Na ce, "Baba, ya ce tsawonsa dubu uku da ɗari takwas da arba'in, ya yi yawa, ya zubar."

Hannunsa ya tsaya a kan igiyar. Ko numfashi uku bai yi ba ya ce, "Sittin sau sittin da huɗu ke nan. Tura mai tsawon ɗari. Zai ce maka dubu shida da ɗari huɗu."

Na tura. Dubu shida da ɗari huɗu cif. Kwana biyu ina kallon wannan lamba da idona biyu, a zatona shirme ne kawai na'ura take zubowa.

Ya ce, "Katinka lafiyarsa ƙalau. Shi yana rubuta boko ne, sabon akwatinka yana karantawa kamar ajami, daga ɗaya gefen. Tsohuwar furosesa da katin gefe ɗaya suke farawa, shi ya sa ba ku taɓa ganin matsala ba. Bit-fild ne a ciki, ko?"

Na ce shi ne.

Ya ce, "To cire shi za mu yi. Wurin da katin ya ajiye abu, kai za ka faɗa da bakinka, ba kamfaila ba."

Ga abin da ya ce in yi. Da farko direba ya juya lambar zuwa tsarin furosesar da yake kai. Sannan kowane fili a yi masa abin da muke kira mask. Ka ɗauka takarda ce aka huda, ka ɗora ta a kan lambar, ta rufe komai sai guraben da kake nema. Na rubuta na tsawon saƙo, gurbi na sifili zuwa na sha uku, tunda daga sifili ake fara ƙirga, na gyara wuraren da ake karanta shi da sauran filayen karɓa. Na gwada, saƙo ya shiga. Na miƙe zan naɗe waya, ina ta godiya.

Ya ce, "Ina zuwa? Karɓa ka gyara. Aikawa fa?"

Na koma na zauna. Muka bi fayil ɗin direban layi-layi har azahar, muka yi salla, muka ci gaba. Kowane mask sai na karanta masa da ƙarfi tare da abin da takardar bayanin da ta zo da katin ta ce. Ba ya rubuta komai, yana dai tufkarsa. Can wajen la'asar na karanta wani, ya ɗaga hannu.

"Maimaita."

Na maimaita.

Ya ce, "Ɗazu kafin salla ka ba wa wani fili gurbi na sha shida. Yanzu ka sake ba wa wannan. Ɗaya ya shiga gonar ɗaya."

Na koma baya kusan layi ɗari biyu, na tarar haka ne, ni na yi kuskuren ƙirga. Irin kuskuren da ba zai nuna kansa a gwaji ba, sai ranar da layi ya cika da manyan hotuna. Na dubi mutumin nan, idanunsa farare suna kallon sama, guraben nan talatin da biyu na kowace lamba suna jere a kansa tun safe, babu wanda ya goce.

Kafin in tafi ya sa na yi alkawarin gwada sabon rubutun a kan akwati irin tsohon, wanda ke Karaye. Ya ce gyaran da ya tayar da sabo ya kashe tsoho ba gyara ba ne. Na biya na gwada, ya yi.

Ranar Alhamis da safe na ɗaura akwatin a Rogo. Hanne ce ta uku a layi. Ina tsaye a baranda na ji muryar likita ta lasifika tana cewa 'yan biyu ne, ɗaya ya kwanta a gicciye, a kawo ta Kano tun kafin naƙuda. Sista Larai ta leƙo ta taga ta ɗaga mini hannu, ta koma ciki. Bayan mako uku ta aiko mini cewa an yi wa Hanne aiki, ita da yaran suna lafiya.

Da na zo shigar da gyaran a rumbun manhajar kamfani, na kira Injiniya na ce zan sa sunansa. Ya yi dariya ya ce, "Sa naka, ɗana. Ran da ya lalace a san wanda za a nema."

Tun daga ranar na daina cewa na'ura tana shirme. Duk lambar da ta ba ka, akwai hanyar da ta bi ta iso gare ta, ko ka gane ko ba ka gane ba. Na kuma daina auna ma'aikaci da girman allon da ke gabansa. Shi ya sa ku sababbin ma'aikata, idan kuka kawo mini gyara, nake juya muku baya in ce ku karanta da ƙarfi. Ba wulaƙanci ba ne. Ni ma har yau ban kai layi ashirin ina riƙewa ba, ina dai gwadawa.