Ɗingishin Keken Anti Almakashi

Duk layin sun san dokar shagon Anti Almakashi. Ka shiga da takalminka in ka ga dama, ka yi surutu har bakinka ya bushe, amma kada ka kuskura ka rera "Ƙara Mini Kwana Ɗaya". Wata budurwa ta taɓa mantawa, ana auna ta tana 'yan waƙe-waƙenta, sai ta ji allura a haƙarƙari. Anti ta ce hannunta ne ya goce. Shekara arba'in tana ɗinki, hannun nan bai taɓa gocewa a jikin wanda ya yi shiru ba.

To, ina mutum zai tsere wa waƙar nan? Tana cikin tasi, tana shagon aski, tana wayar kowane sakarai da aka yi wa wulaƙanci a soyayya. Direbobi sun rubuta ta a bayan motoci. Yaran zamani sun sake ta sau uku, kowace ta fi ta baya muni. Masana kiɗa kuma suna zama a rediyo suna ta zuba a kan salon gangar, bugu uku sai ɗan tsaiko, wai zuciyar masoyi ce take tuntuɓe. In Anti ta ji haka sai ta yi tsaki mai tsawo ta ce, "Zuciyar uwarsa."

Ita ta san inda tsaikon ya fito, domin a ƙarƙashin ƙafarta yake. Kekenta na ɗinki tsohon baƙi ne mai feda, kuma ƙarfen da ya haɗa fedar da tayar ya ɗan lanƙwashe tun ranar da aka sauke shi daga mota. In tana takawa sai ya yi tak, tak, tak, ya ɗan riƙe numfashi, sannan ya ci gaba. A lokacin tana auren wani magatakarda mai son zama mawaƙi, wanda duniya ta zo ta sani da Zuma. Suna da 'ya ɗaya, 'yar shekara biyu, da uwar take kira Maɓalli saboda idanunta.

Maɓalli ta kamu da ciwon ƙirji. Ba ta samun barci sai a kan tabarma kusa da keken, kuma da zarar ya tsaya sai ta farka da tari. Saboda haka Anti ta yi ta takawa, da aiki da babu aiki, wani lokacin ko zare babu a allurar. Tana takawa tana roƙon yarinyar da 'yar murya, ki ƙara mini kwana ɗaya, gobe ma sai ki ƙara. Sati uku aka yi a haka. Mijin yana zama a bakin ƙofa kansa a sunkuye, ita kuma tana jin tausayinsa, tana cewa baƙin ciki ne ya hana shi magana. Ashe rikoda ce a cikin aljihun rigarsa.

Wata huɗu bayan an binne yarinyar, Anti tana yankan yadi da hantsi, ta ji kekenta yana fita daga rediyon mai shagon kusa. Ga bugu uku, ga tsaikon, ga maganarta kalma da kalma a bakin mijinta, ya zuba mata jita da sarewa. Da aka tambaye shi asalin waƙar, sai ya ce wata kyakkyawa ce ya gani a tashar jirgi tana shirin tafiya. Ranar Anti ta kwashe kayanta da kekenta ta bar masa ɗakin. Ba ta yi kuka a gabansa ba, kuma ba ta yafe ba. Ta tsane shi tsana mai kyau, wadda take sharewa take gogewa kullum kamar teburin yanka.

Keken dai ba ta gyara ba. Ƙanwarta, wadda take mata aikin maɓallai da kalmasa a shagon, ta yi magana har ta gaji. "Yaya, keken nan yana cin zare, yana karya allura, ki bari a duba shi mana." Anti takan ce ba ta da lokaci. Ƙarya take yi. In ta taka ya kai wurin tsaikon, a nan take jin numfashin Maɓalli, kuma abin da ya rage mata na yarinyar ke nan, ko hoto babu.

Da waƙar ta cika shekara talatin, sai ga wata ma'aikaciyar rediyo a shagon, da jaka da murmushin da ya yi wa fuskarta yawa. Ta ce Zuma ya tsufa, muryar ta tafi, kuma ya faɗi gaskiya cewa salon kiɗan daga keken matarsa ta fari ya samo shi.

"Mama, muna so mu zo da shi, ki taka a gabansa mu ɗauka. Za a sake fitar da waƙar da sautin keken na ainihi. Mutane za su yi kuka, wallahi."

"Ya faɗi wanda aka yi wa waƙar?" in ji Anti.

"E, ya ce ke ce. Wai ranar da kika yi fushi za ki tafi, yana roƙonki."

Ƙanwar ta saki almakashin hannunta. Wato ɓarawon ya dawo ɗaukar abin da ya manta. Ya ɗauki waƙar, ya jefar da yarinyar, yanzu kuma yana son numfashin ma a zuba masa a faifai. Anti ta kalli baƙuwar sama da ƙasa kamar mai auna yadi, sannan ta ce, "Ku zo ranar Alhamis."

"Yaya, ki faɗa musu gaskiya kawai," in ji ƙanwar bayan baƙuwar ta fita. "Duniya ta san waƙarki ce."

"In faɗa su sa mata jita? Su riƙa jin 'yata a tasi suna taunar cingam? Je ki kira mini mai gyara."

Mai gyaran keke ya zo ranar Laraba da akwatinsa. Ya durƙusa ya leƙa, ya yi dariya ya ce, "Anti, wannan ai aikin minti goma ne. Shekara nawa kina fama da shi haka?" Ta ce ya yi aikinsa ya bar lissafin shekarunta. Ya kwance ƙarfen, ya ɗora a kan dutsen bakin ƙofa, ya buga masa guduma sau huɗu. Anti tana tsaye ta ba shi baya, tana ninke yadin da ta riga ta ninke.

Ranar Alhamis 'yan rediyo suka cika shagon da wayoyi. Aka shigo da Zuma yana dogara sanda, gashi baƙi ƙirin na rini, turare kamar an fasa kwalba. Ya buɗe hannu ya ce, "Maman Maɓalli."

"Kada bakinka ya sake kama sunan nan," in ji ta, ta zauna.

Aka kafa makirfo a gindin feda, aka ce kowa ya yi shiru. Anti ta sa ƙyalle ta taka. Keken ya tafi sumul, tak-tak-tak-tak, babu tuntuɓe babu tsaiko, kamar kowane keke a kowane shago. Mai ɗaukar sauti ya cire abin kunnensa ya kalli ma'aikaciyar. Zuma ya matso yana karkata kunne.

"Ba wannan ba ne. An canza shi."

"Shi ne. Gyara shi na yi. Kekena ne, ko shi ma naka ne?"

"Ki ɗan riƙe ƙafar a na huɗu mana, ai kin san yadda yake."

"Ka rera musu da bakinka. Ba kai ka ƙirƙira ba?"

Ya gwada rerawa, tsohuwar muryar ta karye tun a bugu na biyu. Baƙin suka naɗe wayoyinsu suka fita ba sallama. Anti ta raka su da ido har suka sha kwana, kuma ta ji daɗi, daɗi sosai, ba za ta ɓoye ba.

Sai ta koma ga aikinta, domin akwai rigar makaranta da za a karɓa da yamma. Ta taka. Ta kai na uku, kunnenta ya tsaya jira kamar kullum, keken ya wuce abinsa. Ta sake takawa a hankali, ya sake wucewa. Ɗinkin ya karkace ya hau aljihu, abin da bai taɓa faruwa a hannunta ba.

Ƙanwar ta ce, "Yaya, in kira shi ya mayar da shi yadda yake?"

"Ba ya mayuwa," in ji Anti. "Miƙo mini reza in farke."