Cokali Uku da Surukina

Ban taɓa mantawa da ranar Talatar da aka kawo surukina ɗakin maza ba, kuma ko na so in manta, abokan aiki ba za su bari ba. Ku yaran da kuka zo bayanmu, da kuke gunaguni idan na tsaya a kanku sai kun yi gwajin cokali, ga dalilin.

Lokacin ina ƙaramin ma'aikacin jinya a wani asibiti a Jega. Wani sabon likita ya zo mana da takarda guda wadda ake cika wa duk wanda aka kwantar da shanyewar ɓarin jiki. Ga wanda bai sani ba, wannan ciwo ba hannu da ƙafa kaɗai yake kamawa ba, yakan raunana maƙogwaro. Mutum ya sha ruwa ko kunu, maimakon ya wuce ciki sai wani abu ya zurare cikin huhu. Bayan kwana biyu ko uku zazzaɓi ya taso, numfashi ya yi wuya, ciwon huhu ya shiga. Sau da yawa wanda ya tsira daga shanyewar, wannan ne yake kayar da shi.

Aikin takardar shi ne ta faɗa mana tun ranar farko wanda ciwon huhun ya fi yi wa barazana. Layi biyar gare ta: shekarun majinyaci, namiji ne ko mace, ko zuciyarsa na bugawa daidai, tsananin shanyewar, sai na ƙarshe, haɗiya. Kowane layi da makinsa. Idan jimla ta haura jan layin da ke ƙasa, ba a ba shi komai ta baki. A sa masa roba ta hanci, a ɗaga kan gadonsa, a riƙa wanke masa baki, a riƙa auna zafin jikinsa a kai a kai.

Layin haɗiya ba a cika shi da tambaya. Za ka zaunar da mutum, ka ba shi ruwa ƙaramin cokali, ka ɗora yatsunka a maƙogwaronsa ka ji yadda ya wuce, sannan ka ce ya ce "aa". Idan ya yi tari, ko muryar ta fito kamar mai magana a cikin ruwa, ya faɗi gwaji. Sau uku ake yi.

Na iya wannan aiki, kuma na fi kowa sanin na iya. Har cika baki nake yi cewa ko ban ɗauki biro ba, idona ya isa. Shi ya sa abokin aikina Bello ya laƙaba mini Malamin Duba, ni kuwa sunan ya yi mini daɗi. Laifina na farko ke nan.

Ranar Talatar, lokacin cirar albasa ne. Da hantsi wata motar ɗaukar kaya ta tsaya a ƙofa, warin albasa ya riga mutanen shigowa. Ina ɗaga kai na ga surukata Inna Kulu tana bin gadon tura majinyata, a kansa kuma Alhaji Mamman ne, mahaifin matata Rabi. A gonarsa ta Sabiyal ya faɗi, ɓarin dama ya saki, bakin ya ɗan karkace.

Shekara goma sha ɗaya da aurenmu, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa ci a gabana ba. Daga bakin zaure nake cire takalmi in durƙusa, in gaishe shi ina kallon ƙasa. Da za a tambaye ni kamanninsa, yatsun ƙafarsa zan fi iya kwatantawa.

Layi huɗu na cika ba matsala. Makin ya tsaya dab da jan layi, bai taɓa shi ba. Na ɗebo ruwa a kofi, na ɗauki cokali, na nufi gadon. Ya buɗe ido ya dubi cokalin, ya dube ni. Maganar tana fita da ƙyar, amma ta fita.

"Mi kaka yi da cokali? Jinjiri anka kawo muku?"

Gwiwoyina da kansu suka kai ƙasa. Na ce, "A'a, Baba. Dama tambaya ce. Yaya haɗiya?"

"Lahiya lau."

Na koma teburi na rubuta sifiri a layi na biyar, na sa hannu.

Kada wani ya ce kunya ce kaɗai. Bello yana ɗakin, taku goma tsakaninmu, da na kira shi da ya yi. Ban kira shi ba don kada ya ce Malamin Duba ya kasa. Akwai kuma abin da na ɓoye ko ga kaina: na san idan makin ya haura, ni za a ce na hana surukina abinci, na zura masa roba a hanci kamar mai ba ɗan maraƙi magani. Na hango yadda labarin zai zagaya Sabiyal, sai na zaɓi sifiri.

Tunda takarda ta ce ba haɗari, ba wanda ya hana Inna Kulu aikinta. Ta dama fura mai kyau, tana ba shi da ludayi yana kishingiɗe, tana cewa, "Sha, Alhaji, hura ita ad da ƙarhi." Ranar Laraba na ji ya yi tari bayan ludayi na biyu, na ji muryar ta jiƙe. Na san abin da na ji. Sai na sami wani aiki a ɗaya ƙarshen ɗakin.

Da safiyar Alhamis jikinsa ya yi zafi rau, numfashi yana fita da sauri. Sista Hajara, babbar ma'aikaciyar jinya mai kula da ɗakin, ta ciro takardar daga jakar majinyaci ta daɗe tana kallo. Ta sa aka zaunar da shi, ta ba shi rabin cokali. Bai kai ga "aa" ba tari ya sarƙe shi. Ta ajiye cokalin, ta gyara makin, jimla ta tsallake jan layi da nisa.

Ta kira ni ofishinta.

"Malamin Duba, cokali nawa ka ba shi ranar Talata?"

Kafin in buɗe baki ta ƙara:

"Ko da ido ka duba?"

Na ce, "Sista, surukina ne."

Ta cire tabarau ta ajiye. "Na sani. To, huhun nasa ya san surukinka ne?"

Likita ya zo ya saurari ƙirji, ya ce ciwon huhu ne a ɓarin dama. Aka fara allurai, aka sa masa iskar taimakon numfashi, robar da na guje wa ita ma aka zura, kuma ba ni na zura ba. Aka ba ni takardar neman bahasi, wato in rubuta dalilin da ya sa na sa hannu a gwajin da ban yi ba. Na rubuta gaskiya a layi uku.

Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne faɗa wa Inna Kulu, don na same ta a baranda tana kuka tana cewa furarta ce za ta kashe shi. Na durƙusa na ce mata furarta ba ta da laifi, ni ne ban yi aikina ba. Ta share ido da gefen gyale ta ce, "Kai wanga yaro! Mun ba ka ɗiya don kai malamin asibiti na, ashe kunya munka aurar wa." Rabi kuwa ba ta yi faɗa ba. Kwana huɗu tana ajiye mini tuwo ba tare da ta ce ga shi ba.

Hukuncin Sista Hajara ya fi na ofis. Ta ce daga ranar, wanke bakin Alhaji safe da rana da la'asar nawa ne, kuma ranar da za a sake gwaji ni zan yi. Haka na riƙa zuwa da auduga da ruwan gishiri, ina buɗe bakin mutumin da ban taɓa kallon fuskarsa ba. Kwana uku na farko bai san wa ke kansa ba. A kwanakin nan ban roƙi Allah komai don kaina ba.

Rana ta biyar zazzaɓi ya sauka. Rana ta tara likita ya ce a gwada. Bello ya ajiye aikinsa ya zo kallo, har da naɗe hannu. Na zaunar da Alhaji, na ba shi cokali, na ɗora yatsu biyu a maƙogwaronsa.

"Baba, ce aa."

Ya ce "aa", murya garau. Na biyu haka, na uku haka. Sannan ya kalle ni da ɓarin bakin da ke aiki yana murmushi.

"Shekara sha ɗaya kana gudun idona. Yau ga ka da hannu ga wuyana."

Duk ɗakin aka yi dariya, har masu ciwo.

Abin da na koya shi ne, takardar nan tana hango abin da ido bai gani ba, amma iyakar abin da ka ba ta take hangowa da shi. Kuma a ƙasarmu ba baƙi muke jinya ba. Wanda ke kan gado malaminka ne na allo, ko limamin unguwarku, ko wan mahaifinka. Shi ya sa nake tambayar kowannenku kafin ya ɗauki biro: kana jin nauyin mutumin nan? Idan kana ji, ba laifi ba ne, miƙa wa na kusa da kai cokalin. Laifin shi ne ka rubuta sifiri.

Alhaji yana nan da ransa, yana jan ƙafa zuwa bakin gona da sanda. Har yanzu ina cire takalmi a bakin zaure. Sai dai da ya ji sallamata yakan ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji: "Kulu, ɗauke ludayi, kawo cokali. Malamin Duba ya iso."