Nuot Mai Jin Ƙanƙara da Haƙora

Yayana Nuot bai taɓa hawa bob, keken nan na sulalawa a kan ƙanƙara, ba ko sau ɗaya. Shekara talatin da biyu ya yi yana gina wa mutane hanyar da za su sulalo a kai, amma in ka ce ya zauna a ciki sai ya dube ka kamar ka zage shi. Cewa yake yi wuyansa ɗaya ne, kuma yana son abinsa.

Ban ga laifinsa ba. Muna yara lokacin da 'yan Ingila suka fara yin hunturu a kwarinmu na Engadin. A da, da rani kawai suke zuwa su sha iska su koma. Da masu otal suka lallashe su suka zauna cikin sanyi, sai zaman banza ya ishe su. Suka ɗauki kekunan katakon da muke jan itace da madara a kan dusar ƙanƙara, suna hawa suna gangarowa ta tsakiyar gari. Can wani ya haɗa keke biyu da dogon katako, mutum huɗu ko biyar su zauna a jere, aka sa masa suna bob. Innarmu ma sun taɓa kwashe ta a ƙofar gidan burodi, ta yi wata biyu tana ɗingishi, su kuwa suka ɗaga mata hula suka wuce. Da ƙorafi ya yi yawa aka ce a yi musu hanyarsu daban a cikin daji. Nuot yana jan gungume da doki a lokacin, ya shiga aikin don kawai a raba mahaukatan nan da titinmu.

Aikin ba irin wanda ake gamawa a huta ba ne. Bazara na shigowa hanyar take narkewa gaba ɗaya, hunturu na dawowa a sake ta daga farko. A tara dusar ƙanƙara da shebur, a kwaɓa ta da ruwa, a yaɓe bango da ita, a yi ta watsa ruwa da bokiti har ta daskare. Babu takarda, babu zane, fasalin kowace kwana a kan Nuot yake. Wadda ya fi ji da ita ita ce Babbar Kwana, mai bango tsayin mutum biyu, inda bob ke hawa can sama kafin ya sauko. Ni nake kai wa ma'aikata miyar sha'ir da burodi da tsakar rana, don haka duk abin da zan faɗa da idona na gani.

Kowace safiya kafin a buɗe hanya, Nuot zai bi ta daga sama har ƙasa da 'yar gudumarsa yana ƙwanƙwasa bango. Ƙanƙara mai lafiya ƙau take cewa. Wadda ruwa ya ci ta ciki kuwa, muryarta a dushe take. Jar tuta tana hannunsa shi kaɗai, in ya kafa ta babu bob ɗin da zai sauko ko ɗan sarki ne a ciki.

Dokarsa ɗaya ce: ba a jan birki a cikin hanya. Birkin bob ƙarfe ne mai haƙora kamar manjagara, wanda ke zaune a baya yake jan sa. In aka ja shi a tsakiyar gudu sai ya tsage ƙanƙara, bob ɗin da ke biye ya faɗa cikin tsagin ya kife. Sai an wuce layin ƙarshe ake taɓa shi.

Ɗansa Curdin ya san dokar nan a kumatunsa. Ni na raini yaron tun uwarsa ta rasu yana shekara huɗu. Da ya kai sha tara, ƙaton gaske, baƙi suka fara ɗaukarsa ya tura musu bob ya zauna a baya. A shekararsa ta farko tsoro ya kama shi a bakin Babbar Kwana ya ja birki. Nuot ya tako har inda yake, gaban baƙi da matansu, ya wanke shi da mari.

"Ko mutuwa ka gani tsaye a gabanka, ka bar hannunka a cinyarka," in ji shi. "Ka ji ni?"

Kwana uku ban yi wa Nuot magana ba. Curdin kuwa ya ji. Shekara tara bai sake taɓa ƙarfen nan kafin layi ba, har ya yi suna da haka. Shi ya sa wani ɗan Ingila da muke kira Kyaftin, wanda ba ya son komai a duniya sai gudu, ya ɗauke shi.

Ni na fara gane kunnen Nuot ya tafi. In kira shi cin abinci daga bayansa, shiru. In na zagayo gabansa sai ya kafe bakina da ido ya amsa daidai. Na ce, "Yaya, ka faɗa wa masu hanyar." Ya ce in kula da tukunyata. Ashe ya samo dabara. Sai ya buga bango da guduma, ya danna kanta a jikin ƙanƙara, ya ciji ƙarshen ƙotar, ya sake ƙwanƙwasawa da wani ɗan ƙarfe. Ta haƙora ƙarar ke shiga kansa. Ya ce ma ya fi ji da kyau fiye da da. Ma'aikata suka yi ta dariya, wai Nuot ya tsufa ya koma cin katako. Wanda ya fi kowa dariya shi ne Jachen, mataimakinsa, wanda ya daɗe yana kallon jar tutar nan.

Hunturun 1931 ne, ranar babbar gasa. Kwana biyu iskar kudu mai ɗumi tana kaɗawa, rufin gidaje na ɗiga. Daren jajibiri sanyi ya dawo, gari ya waye hanya na sheƙi kamar madubi. Kowa na murna ban da Nuot. Na same shi a kan tsani a Babbar Kwana, ƙota a baki, ya koma wuri ɗaya ya fi sau goma. Ya sauko ya kafa tuta.

Kafin a jima sakataren kulob ɗin masu shirya gasar ya iso da gudu, hularsa a hannu, Jachen na biye.

"Nuot, me ke nan? Otal-otal sun cika, mutane sun zo daga ƙasa shida!"

"Ƙanƙarar saman bango ta ruɓe," in ji Nuot. "Ɓawo ne kawai, ƙasansa ruwa. Bob na farko da ya hau zai burma."

Jachen ya karɓi gudumar ya bi bangon yana bugawa. Ƙau, ƙau, ƙau. Ya hau tsani ya buga, mu da ke ƙasa muka ji ƙau.

"Ranka ya daɗe, ka ji da kunnenka," ya ce da sakatare. "Mu dai da kunne muke ji. Wasu kuma sai sun ɗanɗana."

Aka yi dariya. Nuot ya ce ɓawon ya yi kauri, kunne ba zai kama ba, a ba shi gatari ya nuna musu. Sakatare ya ce wa zai ba shi gatari ya fasa kwana saura awa ɗaya. Sai Jachen ya raɗa masa wani abu. Sakatare ya zagaya bayan Nuot, ya ɗaga murya yadda har tsuntsaye suka tashi:

"Nuot! Gidanka na cin wuta!"

Yayana yana tsaye yana kallon bangonsa. Ko gezau.

Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗe mini a ƙirji kamar ranar ba. Na ce da sakatare Allah ya isa, na faɗa masa wasu maganganun da fasto ba zai so ya ji ba. Bai hana komai ba. Aka cire tutar aka miƙa wa Jachen tare da gudumar, aka sa ɗan sanda ya fitar da Nuot bayan igiyar 'yan kallo. Bob ɗin Kyaftin ne ƙuri'ar fara sauka ta faɗa wa.

"Staschia," Nuot ya ce da ni, "je ki ce wa yaron nan kada ya hau."

Na hau tudun nan ina haki, ni da ƙafafuna na mai shekara hamsin. Na sami Curdin yana goge ƙarafan bob. Labari ya riga ni zuwa, kunnuwansa sun yi ja.

"Gwaggo, don Allah ki bari. Jachen ya buga, kowa ya ji."

"Ubanka ya ce ƙanƙarar ta ruɓe."

"Baba kurma ne, Gwaggo. Ke kin sani kika ɓoye, yau ga shi an mai da mu abin dariya. In na sauka wani za su ɗauka, a ce ɗan Nuot ma ya tsorata."

"To a ce mana! Da bakinsu za su binne ka?"

Ya juya mini baya ya ci gaba da guga. Da ina da ƙarfi da na ɗauke shi a kafaɗa kamar yadda nake yi yana ƙarami.

Na gangaro ta 'yar hanyar ƙafa na sami Nuot a bakin igiya, daidai ƙarshen doguwar miƙaƙƙiyar da ke shiga Babbar Kwana. Ya dubi fuskata, bai tambaye ni ba. Jama'a sun cika gefe biyu, ana shan giya mai zafi, 'yan mata na kaɗa ƙananan tutoci. Ɗan sandan ya koma yana kallon sama kamar kowa. Nuot ya cire safar hannunsa ya kama hannuna.

"In ƙararrawa ta kaɗa, ki matsa mini hannu."

Ƙararrawar tashi yake nufi, wadda ake bugawa in bob ya bar sama. Na zaci so yake ya san lokacin da zai rufe ido. Har yau ina tambayar kaina, da na san nufinsa, da zan matsa? Ban sani ba. Ƙararrawa ta kaɗa, na matsa.

Ya sunkuya ta ƙarƙashin igiya, ya zame ya faɗa cikin hanyar, ya miƙe tsaye a tsakiya yana fuskantar sama. Hannuwansa a gefe, kansa babu hula. Faɗin wurin bai wuce bob ɗaya ba.

Ihu ya tashi. Ɗan sanda ya yi kansa, ya kai bakin bango ya tsaya, don ya riga ya ji abin da dukanmu muka ji: rugugin ƙarfe a kan ƙanƙara yana tahowa ta cikin itatuwa. Babu mai iya tsai da bob daga sama in ya tashi. Ni dai ina ta kiran "Yaya! Yaya!" kamar zai ji ni.

Bob ya ɓullo can saman miƙaƙƙiyar. Na ga Kyaftin riƙe da sitiyari, bakinsa a buɗe. Na ga kan Curdin ya leƙo ta kafaɗar na gabansa. Ban san ko daƙiƙa nawa ba ne, amma na rantse na ga hannuwan yaron nan a kan cinyarsa, ba su motsa ba. Bob na ta girma. Na ce shi ke nan, zai bi ta kan ubansa.

Sai ƙara ta tashi kamar ana yanka ƙarfe. Curdin ya kwanta baya da dukan nauyinsa, farin garin ƙanƙara ya turnuƙe hanyar har ba a ganin kowa. Bob ya yi ta dukan bango hagu da dama yana tahowa. Da ƙurar ƙanƙarar ta lafa, bob yana tsaye a karkace, Nuot kuwa yana kwance a gabansa, ƙafarsa ta dama a lanƙwashe inda ba gaɓa.

Kyaftin ya fito yana zage-zage da harshensu. Nuot bai ko dube shi ba. Ya ɗaga hannu yana nuna saman kwana, yana neman Jachen da ido. Jachen, fuskarsa fara fat, ya jingina tsani ya hau, wannan karon ya ɗaga gudumar da hannu biyu ya maka. Ta shige har ƙota. Wani falle kamar ƙofar coci ya ɓalle ya rufto, ruwa da dusar ƙanƙara suka biyo shi suka malale har ƙafafun bob ɗin. Daidai inda mutum huɗu za su hau ne. 

Nuot bai sake gina kwana ba. Ƙafar ta haɗe a gajarce, ya ƙarasa sauran shekarunsa goma sha ɗaya na duniya da sanda, yana zama a benci yana kushe aikin Jachen. Sakatare ya aiko da kwandon 'ya'yan itace, na ba akuya.

Kwana biyu bayan abin, Curdin ya shigo ɗakin da ubansa ke kwance. Ya tsaya a gaban gado inda za a ga bakinsa, hannuwansa duk sun kumbura. Nuot ya daɗe yana kallon hannuwan.

"Ka lalata mini hanya," ya ce. "Tsagi biyu, taku tamanin."

"Na sani, Baba."

"Ka yi jinkiri kuma."

Curdin ya durƙusa ya kifa kansa a bargo, kafaɗunsa na girgiza. Nuot ya ɗora masa hannu a ƙeya, ya juyo gare ni, da ƙarfi yadda kurame ke magana.

"Staschia, ba bob ɗin na ji tsoro ba. Marin nan na tuna. Shekara tara ina alfahari yaron nan bai taɓa saɓa maganata ba. Ina tsaye a wurin, abu ɗaya nake roƙon Allah: ya sa yau ya saɓa."