Na Ukun da Goggo Ta Jira

A gidanmu na Parakou ni kaɗai na iya karanta Hausar boko. Lakwal, wato makarantar boko, da Faransanci aka yi mana ita, allo da Larabci, Hausa kuwa ta baki ce, ta ciniki da faɗa. Wani direban babbar mota da ke sauka a Gare, tashar motar garinmu, abokin babanmu, shi ya fara kawo mini littattafan Hausa daga Nijeriya, na yi ta haɗa baƙaƙen ni kaɗai har suka zauna mini. Kashi-kashi suke zuwa, na ɗaya, na biyu, na uku, kuma ba dole su zo a jere ba.

Akwai wanda na fi so duk cikinsu. Labarin wata yarinya ce da yayanta ya tafi fatauci bai dawo ba, ta bi sawunsa gari-gari. Na biyu ya ƙare tana tsaye a ƙofar wani gida a Kano inda aka ce mata yana nan. Ta yi sallama, wata murya daga ciki ta amsa, sai takarda ta ƙare.

Duk hutu ana tura ni Djougou wurin Goggo, yayar babanmu, mai sayar da goro. Ɗanta ɗaya ne namiji, ya bi motar kaya zuwa Nijeriya tun ina ƙarama, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Babu direban da zai tsaya a mararraba bai sha tambayarta ba. Ita na fara karanta wa littafin nan, da hantsi, tana yayyafa wa goro ruwa tana sake masa ganye. Da muka kai ƙofar gidan nan ta tsaya da aikin ta ce, "In na littafin nan ya fito, nawa ma zai fito." Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Na uku bai zo ba. Direban ya nema ya gaji, wasu suka ce masa marubuciyar ta daina rubutu, wasu suka ce ba a taɓa buga shi ba. Duk zuwana Djougou, kafin Goggo ta tambayi lafiyar babanmu sai ta tambayi na uku. Ni ma abin yana cina. Wanda bai taɓa son littafi ba zai ɗauka rashin aikin yi ne, amma a bar maka mutum tsaye a ƙofa shekara da shekaru, wannan zalunci ne.

Ina da shekara goma sha biyar haƙurina ya ƙare. Na ɗauki kaye, wato littafin rubutun lakwal, na rubuta na ukun da kaina. Don rawar kai har da kwafe sunan littafin da na marubuciyar a bango, na zana fure a gefe. Ban karanta wa Goggo ba, don na san ƙarya ce. Ƙawayena biyu na ara wa, ɗayarsu 'yar wani bakanike daga Nijeriya, iyayenta suka koma gida da ita, da kayen nawa a cikin kayansu. Na yi masifa ta kwana biyu na manta. Na yi aure, na haihu, na gaji rumfar atamfar babanmu a kasuwar Arzèkè.

Shekara ashirin da wani abu bayan nan, jikar Goggo ta kira ni tana murna.

"Tanti, na ukun ya fito. A waya na samu, wani mutum ne ke karantawa."

Abin nema ya samu. Na ce ta turo, na sallami mai tayin atamfa ba tare da na ja ciniki ba, na zauna na kunna.

Muryar mai karatun ce ta fara ɓata mini rai. Wani ne mai lanƙwasa harshe kamar yana zawarci, ga kiɗa a ƙarƙashi, kuma duk inda labari ya ɗau zafi sai ya tsaya ya yi tallar maganin basir. Na daure. Na san irinsu, waya cike take da su yanzu: kowa ya kama littafin wani ya ɗora masa jela, a sa yarinyar kirki ta koma mai kwarkwasa, a tayar da wanda ya mutu don a aurar da shi. Ba su haifa ba, ba su raina ba, sai yi wa 'ya'yan mutane kitso. Ƙyamarsu nake ji, kuma ban taɓa ɓoyewa ba.

Wannan ma haka yake. Maimakon a buɗe ƙofar, sai aka mayar da yarinya baya aka yi ta yawo da ita a gari. An cusa wasu maganganun banza da ba zan iya maimaitawa ba. Can sai na ji wai ta tare zem, yadda muke kiran ɗan acaɓa a garinmu, a tsakiyar Kano, ta biya shi da sefa, ta sauka ta sayi wagashi soyayye, cukun nan namu. Na kwashe da dariya, na ce wa maƙwabciyar rumfata, "Zo ki ji jakin da ya rubuta wannan. Ko Kanon bai taɓa gani ba." Muka yi ta zaginsa tare, har ina cewa da zan gan shi da sai na fasa masa baki.

Ina cikin zagin na ji yarinyar ta ce wa mai zem ya ajiye ta a bayan Gare, kusa da mai sakwara. Na daina dariya. Mai sakwarar bayan Gare ai tamu ce, wurinta muke ci in an tashi lakwal. Ni ce jakin. Maganganun banzan ba nawa ba ne, wani ya ƙara a hanya, amma zem da wagashin nawa ne, kuma na tuna abin da ke jira a ƙarshe. Na ja muryar gaba da ɗan yatsa ina fatan wani ya canza. Duk ƙare-ƙaren da suka yi, wannan wurin ba su taɓa shi ba. Wani tsoho ya buɗe ƙofa, ya ce yayan nata zazzaɓi ya kashe shi daminar bara. Ta yi kuka ta koma gida. Layi uku ne duka.

Na kira jikar nan take na ce kada ta kunna wa Goggo.

"Ai ta ji, Tanti. Sau biyu ma. Ta ce a jiƙa gero, jibi za a yi gumbar sadaka."

"Sadakar wa?"

"Ta kawu."

Shekara talatin ana ba Goggo baki ta yi wa ɗanta sadaka, limamai sun faɗa, babanmu ya faɗa har ya rasu, ta ce ba a yi wa mai rai. Abin da duk suka kasa, shirmen yarinya 'yar sha biyar ya yi shi a yini ɗaya. Ban taɓa jin ƙyamar kowa kamar yadda na ji tawa a ranar ba.

Da safe na rufe rumfa na shiga motar Djougou. Duk hanya ina shirya magana. Na yi tunanin in ce na bogi ne kawai, wani ɗan iska ya rubuta, ba sai na ce wane ba. Gaskiya ce ai, rabinta.

Na same ta a tsakar gida a kan tabarma, idonta ya yi rauni sosai, geron na shanye a gefenta. Ba ta fita kasuwa ba. Muka gaisa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Wannan ne karo na farko da na zo gidan ba ta tambaye ni littafi ba.

Na ce, "Goggo, abin da kika ji ɗin nan ba na gaskiya ba ne. Ba marubuciyar ta rubuta ba."

"Sunanta aka faɗa a farko, 'yar nan. Da kunnena na ji."

"An ɗora mata ne."

"Ke dai kina so ki lallashe ni. Mai ilimi ce, ta san yadda irin wannan tafiya ke ƙarewa. Ni ce na ƙi ji."

Na ga rabin gaskiya ba za ta ɗaga ta ba. Na matsa kusa na faɗa mata duka, kayen, da bangon, da ƙawar da ta tafi da shi. Na tuna mata mai sakwarar bayan Gare, wadda ita ma ta sani. Da farko na ɗauka ba ta gane ba. Sannan ta lalubo hannuna ta riƙe, ba da ƙarfi ba.

"Lokacin kin san ina jira?"

"Na sani."

"To me ya yi miki kika kashe shi?"

Na so in ce ƙuruciya, ko in ce haka labari yake zuwa wa mutum. Amma na riga na gaji da ƙarya.

"Kayen ne ya ƙare, Goggo. Na ɓata shi a yawon gari, shafi ɗaya ya rage. In ya fito da rai sai an yi gaisuwa, da koke-koke, da tafiya gida, babu wurin rubutawa."

Ta saki hannuna. Ba ta ce a kwashe geron ba, ba ta kuma ce a daka ba. Ta juya fuskarta wajen zaure ta daɗe a haka.

"Da kin faɗa mini," ta ce, "ai da na saya miki wani kayen."